Ina Sunayen Mazan Jiyan Ƙasar Jahun Da Haɗeja?

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, a kan taru a manyan biranen Nijeriya don tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a harba bindiga sama, manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, a yi addu'a, a watse. Ba mu raina wannan ba. Sai dai mun lura ana tunawa da soja ne a dunƙule, kamar yadda a ke lissafin buhunan gyaɗa a sito, ba a kiran sunan kowa. Alhali kuwa wanda ya faɗi a bakin daga yana da suna, yana da uwa, yana da gonar da ya bari bai yi mata maimai ba.

Abin da ya tayar mana da zancen nan shi ne labarin wani ƙauye na Turai da yadda ya riƙe sojansa guda ɗaya. Za mu ba da labarin tukuna, sa'an nan mu komo gida, Jahun da Aujara da garuruwan bakin kogin Haɗeja, mu ga inda mu muka tsaya.

Yamma da Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da yawan tumaki, sunanta Wels. Sarkinsu ɗaya da Ingilishi, amma suna da harshensu dabam, suna kuwa ji da shi kamar yadda mu ke ji da Hausa. A cikin duwatsun nan akwai ƙauyen da a ke kira Trawsfynydd. Nan aka haifi Ellis Evans cikin 1887, shi ne babba cikin 'ya'ya 11. Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya shiga kiwon tumakin ubansa a gonarsu mai suna Yr Ysgwrn. Allah ya ba shi baiwar waƙa, har mawaƙan ƙasar suka laƙaba masa Hedd Wyn, watau salama mai albarka. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, cikin 1916, Gwamnatin Ingila ta kafa dokar ɗaukar soja tilas. Ya zama dole gidansu su ba da ɗa guda. Sai ya ce shi zai tafi, a bar ƙanensa.

Ya shiga soja farkon 1917. Ran 31 ga watan Yuli na shekarar nan, a wata tudu da a ke kira Pilckem cikin ƙasar Beljiyam, aka harbe shi, ya mutu a ranar, yana da shekara 30. Kafin nan ya riga ya aika da wata doguwar waƙa zuwa gasar mawaƙan Wels ta shekara-shekara, wadda su ke kira Eisteddfod. Al'adar gasar ita ce kowa ya ɓoye sunansa, ya sa wani na aro, wanda ya ci kuwa a ba shi kujerar katako mai sassaƙa. Ran 6 ga Satumba aka yi taron a Birkenhead, Firayim Minista Lloyd George na zaune. Alƙalai suka faɗi waƙar da ta ci. Aka kira sunan aro sau uku a ce mai shi ya miƙe, ba wanda ya miƙe. Sa'an nan shugaban mawaƙa ya shaida wa jama'a mai waƙar ya mutu a bakin daga mako biyar ke nan. Aka kawo baƙin ƙyalle aka lulluɓe kujerar.

To, abin da mutanen ƙauyen suka yi bayan wannan shi ne ya fi ba mu sha'awa. Aka kai kujerar gidan iyayensa, tana can har yau. Cikin 1918 aka tara waƙoƙinsa aka buga. Aka roƙi hukuma har ta yarda aka ƙara rubutu a dutsen kabarinsa a Beljiyam, da harshen Wels, cewa babban mawaƙi ne ke kwance a nan. Cikin 1923 suka kafa siffarsa a tsakiyar ƙauyen, amma ba su sa masa kayan soja ba, ba su ba shi bindiga ba, suka siffanta shi makiyayi, yadda suka san shi. Danginsa suka bar ƙofar gidan a buɗe ga kowane baƙo shekara da shekaru, har hukuma ta sayi gonar cikin 2012 ta mai da ita wurin ziyara.

Wani zai ce ai wannan mawaƙi ne, shi ya sa. Gaskiya ne. Amma kusan kowane ƙauye na Ingila da Wels yana da dutse a dandalinsa mai ɗauke da sunayen 'ya'yansa da suka mutu a yaƙe-yaƙen nan biyu, da mai waƙa da wanda bai taɓa rera ko baiti ba.

Yanzu fa mu duba wani gefen duniya cikin wannan shekara ta 1917, ƙarƙashin tutar Sarki Joji na Biyar ɗin nan dai. Sojan Nijeriya sun riga sun sha gumurzu da Jamus a Kamaru, tun daga harin Garwa na farko cikin Agusta 1914, wanda bai yi nasara ba, har zuwa lokacin da Jamusawan da ke kan dutsen Mora suka sallama cikin Fabrairu 1916. Ƙarshen shekarar aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. Damina ta rutsa su a bakin kogin Rufiji, hanya ta yanke, abinci ya ƙare, yunwa da cuta suka yi musu ɓarna tun ba su haɗu da abokan gaba sosai ba. Daga ran 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917, watau mako shida bayan an lulluɓe kujerar nan, suka kara da rundunar Janar von Lettow-Vorbeck a Mahiwa, kudancin Tanganika. Ɗaruruwansu suka mutu ko suka yi rauni cikin kwana huɗu. Mutanen nan da Hausa a ke ba su umarni, da Hausa su ke kiran juna. Da yawansu manoma ne da makiyaya daga lardunan Arewa, Abbas na sarautar Kano, Abdulƙadir na sarautar Haɗeja. Makiyayin Wels da su sa'o'in juna ne, shekara ɗaya ta cinye su.

Cikin 1917 ɗin nan dai aka kafa hukumar kula da kaburburan sojan Daular Ingila. Ta yi alkawari kowane mamaci za a rubuta sunansa, ba bambanci tsakanin hafsa da farabiti. A Turai ta cika alkawari. A Afirka kuwa, an dai kafa duwatsun tunawa a Zariya da Lakwaja da Badun da Kalaba, amma kaburbura da yawa da ke cikin daji an bar su sun ɓace. Ba mu ne muka ƙaga wannan ba, hukumar ce da kanta ta sa aka yi bincike, ta fid da sakamako cikin 2021. Ta ce mutum tsakanin 45,000 da 54,000, yawancinsu 'yan Indiya da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawa ba. Ta ce kuma aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu daga Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Ran 22 ga Afrilu 2021 Ministan Tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara.

Binciken ya tono wata magana ta Gwamnan Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana, wanda ya ce cikin 1923 wai talakan Gwalkwas ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Mu kam za mu ce Gwamna ya taɓa gefen gaskiya bai sani ba. Musulmin ƙasar nan ba ya gini a kan kabari, tulin ƙasa da fasasshen tulu sun ishe shi, shekaru kaɗan wuri ya baje. Amma dutse dabam, suna dabam. Mutanen da ke yanka rago ran bakwai don suna kawai, su mai da sunan kaka ga jika, su yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba za a ce ba su damu da a san wanda ya mutu ba.

Yaƙin da ya fi kusa da mu shi ne na biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. A zamanin nan Jahun gunduma ce ta En'en Kano ƙarƙashin Sarki Abdullahi Bayero, daga baya ne ta koma masarautar Dutse. A Haɗeja kuwa Sarki Usman ke kan gado. Hanyar ɗaukar soja ita ce hanyar haraji: Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagatai. Wasu samari sun tafi da son ransu, don albashi ko kaki ko ganin duniya. Wasu kuwa nuna su aka yi, kuma ba safai dagaci kan nuna ɗan mai ƙarfi ba. Wanda ya kuɓuta daga soja ma bai tsira ba, don daga 1942 zuwa 1944 an yi ta ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos.

Saurayin ƙasar Jahun ko na Auyo sai a tasa shi zuwa tashar jirgin ƙasa, Ringim ko Gagarawa ko Malam Madori, bisa layin Kano zuwa Nguru da aka gama cikin 1930. Daga Kano sai barikin koyon soja na Zariya, a aske shi, a ba shi lamba. Na farko-farko an kai su yaƙin Italiya, su ne suka shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, suka bi abokan gaba har cikin Habasha. Amma yawanci gabas mai nisa aka nufa da su. Cikin 1943 aka haɗa Runduna ta 81, mai alamar gizo, aka ɗebe ta daga Ikko, ta zagaya ta kudancin Afirka zuwa Indiya. Runduna ta 82 ta bi baya cikin 1944, alamarta kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Mutanen Afirka ta Yamma wajen 90,000 suka tafi wannan yaƙi da Jafan, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Gammon nan ba ado ba ne. Ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke ce wa Bama, yau kuma a ke kira Myanmar, duwatsu ce da kurmi, mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari ba ya iyawa. Saboda haka dubban mutanenmu aikinsu dako ne. Su ke ɗaukar harsashi da abinci da gutsattsarin igwa a ka, su ke ɗauke masu rauni, su ke sare daji. Su da 'yan'uwansu masu bindiga suka haƙa hanyar ƙaramar mota mai tsawon wajen mil 75 zuwa kwarin kogin Kaladan, da diga da shebur da adda. Abinci daga sama jirage ke jefo musu da laima. Wanda ya tashi a fadamar Haɗeja ya san ruwa da laka da sauro, amma bai san ruwan da zai yi wata da watanni yana zuba ba, bai san matsattsaku na faɗowa daga ganye ba, bai san abokin gaban da ke laɓe taku goma daga gare shi cikin gora ba. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ɗauke su a jirgin sama cikin 1944 an sauke su bayan dagar Jafan, tare da mayaƙan da a ke kira Chindit. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya taka har can ya gaishe su. Yaƙi ya ƙare cikin Agusta 1945, amma yawancin waɗanda suka rage ba su ga gida ba sai 1946.

Waɗanda ba su dawo ba fa? A wannan karo an fi yi musu adalci. Akwai kaburburan mutanen Afirka ta Yamma a Chittagong, cikin Bangaladash ta yanzu. A Taukkyan, arewa da birnin Rangoon, wanda yau a ke kira Yangon, akwai kaburbura fiye da 6,000, da ginshiƙai da aka buɗe cikin 1958 masu ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Namu suna ciki da yawa. Kalmomin girmamawa da ke tsakiyar ginin an rubuta su da Ingilishi da harshen Bama da harsunan Indiya uku, babu Hausa. A maƙabartar soja ta Abuja ma akwai bango mai sunaye wajen 2,000 na yaƙe-yaƙen biyu. Sunaye dai suna nan. Abin da babu shi ne igiyar da za ta ɗaure suna da garinsa.

Malaman ofis za su fi kowa gane inda igiyar ta tsinke, don a kan teburin akawu ta tsinke. Bature mai ɗaukar soja yana son suna biyu, Bahaushen ƙauye kuwa ɗaya gare shi. Sai a tambaye shi daga ina, a rubuta wane Kano, wane Haɗeja, wane Gumel, wane Katagum. Mutumin wani ƙauye na ƙasar Jahun, in Bature ya tambaye shi a Zariya, ƙasar sarkinsa zai faɗa, sai ya zama wane Kano cikin ɗaruruwan masu wannan suna. Haɗeja kanta an rubuta ta iri-iri, har da Hadeija. Wani kuma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba, don ya gudo ne daga gida ko daga bashi. In irin wannan ya mutu, labari ya biyo hanyar da aka ɗauke shi, daga Razdan zuwa Sarki zuwa hakimi, ina zai sauka?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matar da aka bari. Wadda aka tabbatar mata mijinta ya rasu, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, ta san matsayinta. Wadda mijinta ya ɓace kuwa, Risala ta nuna sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai shekarun da ba a zaton zai rayu sun wuce. Ku duba fa, kuskuren alƙalamin akawu guda a bariki yana iya tsare yarinya 'yar shekara 18 a ɗaki, ba ta da miji, ba ta kuwa zama bazawara ba.

Wani abin mamaki shi ne wuraren da mutanen nan suka mutu mun riƙe sunayensu sarai. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Letmauk a Badun, na Myohaung da Arakan da Tamandu a Ikko, duk tunawa ce da yaƙin Bama. Direban tasi ya san su, ko da bai san ma'anarsu ba.

Kada kuma a ce tunawa ba halinmu ba ne. A je Haɗeja a tambayi ko ɗan makaranta abin da ya faru ran 25 ga Afrilu 1906, ranar da rundunar Kanar Lowry Cole ta zo daga Kano ta shiga garin. Zai gaya maka Sarki Muhammadu ya ƙi sallamawa, ya yi yaƙi har ya faɗi tare da 'ya'yansa da manyan bayinsa da jarumawansa, shi ya sa har gobe a ke kiransa Mai Shahada. Har Baturen da ke cikin al'amarin, Kyaftin Phillips, wanda suka laƙaba wa Mai Tumbi, ya mutu cikin shekarar nan, kabarinsa yana nan a Haɗeja, an san wurin. Sarki yana da maroƙa da makaɗa masu riƙe sunansa, Bature yana da hukuma mai riƙe nasa. Talakan da ya sa kaki ne ya faɗa tsakani.

Mun san akwai masu cewa ai yaƙin Nasara suka yi, rundunar da suka shiga ita ce ta ci Haɗeja shekara 8 kafin yaƙin farko, don me za a ɗaukaka su? Maganar tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Amma ba ɗaukaka mulkin Turawa mu ke nema ba. Mutanen Trawsfynydd ma da yawansu ba su so yaƙin da ya ci ɗansu ba, shi kansa ba da son ransa ya tafi ba, shi ya sa suka tuna da shi a makiyayinsa. Mu ba mu bukatar siffa, addininmu bai ba mu wannan ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa, a ofishin hakimi ko a makarantar gari, wanda zai ce wane ɗan wane, na unguwa kaza, manomi ko masunci, an tafi da shi shekara kaza, bai dawo ba. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In an buɗe littafin kuwa, sai a bar shafi ga waɗanda suka mutu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na bayansu.

Aikin nan na malaman makaranta ne da ma'aikatan hakimai da na ƙananan hukumomi, magadan malaman En'e. Da alƙalaminsu aka rubuta mutanen nan aka fitar, da shi ya kamata a dawo da su. Malami ya ba 'yan aji aiki su tambayo a gida: wa ya tafi Bama a zuriyarku, wa ya dawo, wa bai dawo ba? A fara da tsofaffin mata, sun fi riƙe irin wannan. A nemi lambar soja ko ta halin ƙaƙa, don ita ce ba ta ƙarya. Tana cikin littafin sallama da wasu gidaje ke ajiye da shi a ƙasan adaka. Lambobin yabo na yaƙin farko an buga suna da lamba a gefensu, na yaƙin biyu ne yawanci ba a buga ba. Hukumar kaburburan nan ta zuba rajistarta duka a intanet kyauta, ana iya nema da suna ko da lamba, har ta nuna ranar mutuwa da inda sunan ya ke. Wanda ke da wayar hannu a Jahun yana iya sa Hadejia a gurbin suna na biyu ya ga abin da zai fito. Takardun lardin Kano na shekarun yaƙi suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga kuma jami'o'i biyu kusa, Dutse da Kafin Hausa, da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai.

Sai dai a hanzarta. Sojojin da suka dawo kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, matansu ma haka. Waɗanda suka rage su ne 'ya'ya, kuma wanda aka bari a ciki ko a goye cikin 1943, shekarar da jirgin ruwa ya tashi daga Ikko da Runduna ta 81, yanzu ya haye shekara 80.